Dan Allah me ke kawo wannan ciwon? Uwar mijina ta ce ni na jawo wa ɗana

Mai neman shawara: Slm 'yan uwa, dan Allah a ɓoye sunana. Wlh kwana uku kenan ban runtsa ba. Yarona shekara 2 da wata 2, tun bayan babbar sallah cikinsa ya fara kumbura ta gefe ɗaya ga zazzaɓi yau akwai gobe babu, in an tsayar da shi da ƙafa sai kuka. Mun yi ta zaryar kemis, wannan ya ce maleriya wancan ya ce shawara. Da zagayen idonsa ya yi baƙi kamar an naushe shi shine muka tafi babban asibiti aka yi sikanin aka ɗibi fitsari aka ɗan yanki nama, wai kansa ce, wato ciwon daji, sunanta niyuroblastoma, a saman ƙodarsa ta hagu.

To ni da maigidana auren zumunci ne, babana da babansa wa da ƙani, gida ɗaya muke da Hajiyarsa a cikin birni. Dama can ba ni ta so ba, 'yar ƙanwarta ta so ya aura wadda yanzu take aure a Kaduna, ko a lefena sai da aka yi rigima kan akwati har Gwaggona ta yi fushi ta bar gidan biki, shekara 6 kenan amma har gobe in na yi girki sai ta ce gishiri ya yi yawa. Tunda sakamako ya fito take faɗa wa duk wanda ya zo dubiya wai allurar tsarin iyali da na yi bayan haihuwar yayarsa ce ta jawo, wai kuma dunƙule nake zabga wa yara a miya. Ni kuwa raina yana kan maganin feshi, don ina da cikinsa maigidan yana ajiye galan-galan na maganin ciyawa a ƙuryar ɗakinmu, gonarsa tana hanyar Giwa. Yanzu haka ina da ciki wata 5. Me ke kawo shi? Kuma na cikin nan shi ma zai yi?

Maman 'yan biyu: Innalillahi, Allah ya tashi kafaɗunsa. Uwar miji kam sai addu'a, ni tawa da ɗana ya yi ƙyanda cewa ta yi rashin tsaftata ne, alhali 'yarta da ke zuwa da yara biyar su kwana a falona ba ta taɓa ɗaukar tsintsiya ba. Shekarata 11 ina haƙuri har hawan jini na samu.

Hajiya ta Tudun Wada: 'Yata ki yi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, auren zumunci ne. Mu a gidanmu sikila uku muka binne kafin aka gane. Ki kai na cikin a duba tun wuri.

Anti Nas: Hajiya da girmanki amma wannan ba sikila ba ce, kar a haɗa. Ƙanwata ki nutsu ki karanta. Tun jariri yana ciki akwai wasu ƙwayoyin halitta da ya kamata su nuna su zama jijiyoyin laka, irin waɗanda ke kula da bugun zuciya da hawan jini. Wani lokaci wasu sai su ƙi nuna, su yi ta hayayyafa har su zama ƙari. Shi ya sa aka fi ganinsa a wani ɗan abu da ke zaune a saman ƙoda kamar hula, ko gefen ƙashin baya, ƙirji, wuya. Shi ya sa kuma ciwon ƙananan yara ne, kusan 9 cikin 10 ana gano su kafin shekara 5, bayan shekara 10 da wuya ki gani. Maza sun ɗan fi mata kaɗan.

Abin da ya sa ƙwayar ta kauce kuskure ne da ke faruwa a cikinta ita kanta lokacin da take rabuwa. Ba allura ba ce, ba dunƙule ba ne, babu wani abinci ko abin da uwa ta yi da aka tabbatar yana kawo shi. Wanda ake gada kuwa 1 ko 2 ne kacal cikin 100, yawanci ta ƙwayar gado mai suna ALK, kaɗan kuma ta PHOX2B. Kuma shi daga ɓangare ɗaya yake saukowa, uwa ko uba, ba kamar sikila da sai an haɗu biyu ba, don haka zancen zumunci bai taso ba. Tambayata, a danginku akwai yaron da ya taɓa irin wannan? Ko wanda aka haifa hanjinsa ba ya fitar da kashi sai da aka yi masa aiki? Kuma an fara ba shi magani?

Mai neman shawara: Anti nagode. Babu wanda na sani, sai dai ƙanin maigidan ya rasu yana ƙarami Hajiya ta ce mayu ne. Amma Anti feshin fa? Wlh warin har amai yake sa ni lokacin, na yi wa maigidan magana ya ce babu wajen ajiya ɓarayi za su kwashe.

Manomi daga Giwa: Baiwar Allah in feshi ne da ƙauyenmu ba sauran yaro. Kowa da shi yake noma yanzu, wa zai iya biyan 'yan ƙwadago? Ga taki ya yi tsada ga masara ta faɗi, bara ko kuɗin da na zuba ban mayar ba, sannan a zo a ɗora mana ciwo kuma.

Anti Nas: An yi bincike kan iyayen da ke aiki da maganin ƙwari da sauran sinadarai, ba a kai ga tabbatar da cewa shi ke kawowa ba. Amma guba ce, a fitar da ita daga ɗakin mai ciki yau ɗin nan, wannan ba sai an yi bincike ba. Maganar ƙanin mijinki ki faɗa wa likita, shekararsa nawa, me ya yi, shi zai auna ko ya isa a yi zargin gado. Na gado ya fi bayyana da wuri tun jariri, kuma sau da yawa ƙari fiye da ɗaya, naki ɗaya ne a shekara 2. Har yanzu dai baki amsa min ba, an fara magani?

'Yar Samaru: Ni na ji ance wannan ciwon yana bajewa da kansa, kar ki bari su sa masa kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi na asibiti, ƙawar yayata kemo ce ta ƙarasa ta gashi duk ya zube. Ki dage da habbatus sauda da zuma da zamzam. In kin haihu kuma a gwada fitsarin jaririn kawai ki huta.

Anti Nas: Kai jama'a. Eh akwai mai bajewa da kansa, amma a jarirai ne 'yan watanni, kuma likita ne ke sa ido yana maimaita sikanin. Yaro ɗan wata 26 da ciwon ƙafa da baƙin ido, alamar ya kai ƙashi kenan, wannan ba ya jiran kowa. Akwai ma gwajin da ake yi wa naman, in wata ƙwayar halitta mai suna MYCN ta ninka da yawa ƙarin ya fi saurin yaɗuwa, kuma ita ba gadonta ake ba a cikin ƙarin take faruwa. Gwajin fitsarin jarirai kuwa Japan sun shekara da shekaru suna yi wa 'yan wata 6, suka daina, don waɗanda ake kamawa yawanci masu bajewa ne, kuma ba a tabbatar mace-mace sun ragu ba. Sai dai in an tabbatar gado ne a gida, nan ake bin jariri da awo.

Mai neman shawara: Anti gaskiya sun ce mu dawo a kwantar da mu a fara kemo, sati 3 kenan. Ba ƙi muka yi ba, maigidan yana jiran ya sayar da waken suya, kuma Hajiya ta kawo wani mai magani yana ba shi jiƙo da turare ta ce a ba shi kwana 40. Ni ya zan yi, a gidanta nake, in na ɗauke shi wani abu ya faru cewa za a yi ni na kashe shi. Kuma wlh kwana biyun nan ya ɗan ci abinci.

Anti Nas: Sati 3! Kina nan kina neman wanda ya jawo ƙari kuma yana girma. Ki kira babanki, ai wan uban mijinki ne, shi zai iya da su. Ki je asibitin ki nemi ofishin walwala ki faɗa musu ba kuɗi, a fara da abin da ya samu.

Hajiya ta Tudun Wada: Ke Nas ki bi ta a hankali, yarinya da ciki. Kuma ba a raina na gargajiya, da can da me aka rayu? Ni dai har yanzu ina kan bakana, jini ɗaya ba ya haifar da ɗa mai ido.

Maman 'yan biyu: Kar ki sa babanki wlh, ni da na kai ƙara gida wata 4 na yi a gidanmu ba wanda ya zo biko.

Mai neman shawara: Babana ba shi da lafiya bana son tayar masa da hankali, kuma shi ƙani ne ba wa ba. Ni dai abin da nake so in sani, tunda ance ba a tabbatar ba kenan zai iya yiwuwa feshin ne ko? Don in nuna wa Hajiya ba allurata ba ce.

'Yar Samaru: Wai mai maganin a wace unguwa yake?