Daga Madina Zuwa Makka a Mota: Musayar Baitoci Tsakanin Maniyyaci da Danginsa na Jos

Maniyyaci, ɗan Unguwar Rogo, daga cikin mota:

Da sunan Allah nake buɗe baitocina,
Shi ne mai tsare bawa a gida da wajen tafiya.

Salati ga Annabin da muka yi wa bankwana
A Madina da hantsi, idanunmu suna ambaliya.

Ina gaida Kawu da Goggo da sauran dangi,
Ina shaida muku cewa mun tashi lafiya.

Ba mu yi nisa ba motar ta ratse Zul Hulaifa,
Inda mutanen Madina suke ɗaura harami da niyya.

Na tuɓe riga da wando, na ajiye hulata,
Na ɗaura zane fari, na yafa guda ta baya.

Muka yi raka'a biyu, muka koma kujerunmu,
Motar ta ɗauki amo, kowa yana talbiya.

Kilomita fiye da 400 ne a gabanmu,
Kwalta ce mai faɗi, sumul, miƙaƙƙiya.

Dama da hagu baƙaƙen duwatsu ne a zube,
Waɗanda aman wuta ya bari tun farkon duniya.

Na saba da dutse, domin a gindinsa aka haife ni,
Amma namu na Shere yana goye da bishiya.

Nan babu mai gasa masara, babu mai tallan dankali,
Sai raƙuma can nesa suna kiwon ƙaya.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne sanyi,
Alhali a waje zafin rana yana ganiya.

Direba ya ƙure na'urar sanyaya mota,
Har ni da na girma a Jos nake neman wurin ɓuya.

Ba halin in rufe kaina ko in ɗauko rigar sanyi,
Domin mai harami ɗinkakken tufa ba zai sanya.

Muryoyin da suka tashi da ƙarfi sun yi ƙasa,
Tsofaffi suna gyangyaɗi, ni ma na ji gajiya.

Taubashinsa, direban Jos zuwa Abuja:

Taubashi, na karanta kukanka a tasha,
Na nuna wa abokan aiki, suka fashe da dariya.

Kana kan kujera mai taushi, titi babu rami,
Sa'an nan ka ɗauki alƙalami kana kukan wuya?

Zo ka zauna gefena mu gangara Hawan Kibo
Da damina, hazo ya rufe, ga tirela a baya,

Birki yana wari, fasinja suna ta salati,
A ranar za ka gane abin da ake kira hanya.

Daga nan zuwa Akwanga da Keffi da Mararaba,
Shinge nawa zan tarar, sau nawa zan tsaya?

Idan ka dawo zan ba ka gidan gaba kyauta,
Ka dai riƙo mini dabinon Ajwa da jallabiya.

Kawu, daga Gangare:

Ɗana, Allah ya karɓa, ya sada ku da Ɗakinsa.
Ku biyun ku saurara in ba ku labarin mutanen jiya.

Mahaifina ya san masu haƙar kuza a Bukuru
Da suka tara kwabo-kwabo, hajji ce aniya.

Ranar tashi suka biya bashi, suka nemi gafara,
Kowa ya tara iyalinsa ya bar musu wasiyya.

Suka nufi gabas ta Maiduguri, suka shiga Cadi,
Ta Abashe suka faɗa Darfur suna neman rijiya.

Daga Fashir zuwa Ubayyid, daga can zuwa Hartum,
Wani a jaki, wani a ƙasa da kayansa a ƙwarya.

Idan guzuri ya ƙare sai a yada zango,
A tsinci auduga a gonakin Jazira, a yi ajiya.

Idan shekara ta zagayo a ƙara gaba zuwa Sawakin,
A shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya.

Wani ya tafi da jariri ya dawo da saurayi,
Wani ya tafi da ubansa ya dawo maraya.

Tun kafin su, bayan yaƙin Burmi a 1903,
Inda Sarkin Musulmi Attahiru ya bar duniya,

Ɗansa Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas,
Suka kafa gari a gaɓar Nilu, suka bar zuriya.

Shi kansa Manzon Allah, a hajjinsa ta bankwana,
Daga inda ka ɗaura harami ya hau taguwa ya shirya,

Ya fi mako guda kafin ya isa Makka,
A tazarar da motarku za ta cinye a wuni ɗaya.

Goggo, daga Dilimi:

Malam, a yi mini afuwa in sa baki kaɗan,
Wahalar kakanni ba ta sauke wa jika kaya.

Na taɓa bin wannan hanya, na san halinta:
Ƙafa takan kumbura, ƙugu ya ƙi juya.

Tsofaffi sukan ƙi shan ruwa don tsoron fitsari,
Su isa Makka a galabaice, a wuce da su jinya.

Saboda haka, ɗana, ka duba dattijon kusa da kai,
Ka miƙa masa gora ya sha, kada ya ji kunya.

An ce tun 2018 akwai jirgin ƙasa tsakanin Madina da Makka,
Me ya hana a sa ku ciki? Wannan ce tawa tambaya.

Maniyyaci, daga wurin hutawa:

Goggo, jirgin yana nan, ta Jidda yake bi,
Awa biyu da ɗoriya yake yi, gudunsa sai walƙiya.

Amma mu jerin motoci aka tanadar mana,
Mu da akwatunanmu da shugaban tawaga gaba ɗaya.

Yanzu mun sauka a wani gidan mai da masallaci,
Layin alwala ya miƙe, ga 'yan Indunusiya da Turkiyya.

Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru,
Muka kewaye faranti, kaza tana tsakiya.

Hannu biyar a shinkafa, babu wanda ya san wani,
Sai dattijon da na shayar, mutumin Zariya.

Mai shayi ɗan Bangaladash ya ce mini sannu Alhaji,
Ya cika kofin takarda da madara, na saya.

A bayan shago birai suna jiran ragowar burodi,
Wani ya fizge ledar wata baiwar Allah ya zagaya.

Kawu, na ji, kuma na yi wa magabata addu'a.
Kai kuwa taubashi, tsaya ka ji gaskiya:

Hawan Kibo yana hana idonka rufewa,
Titi mai santsi kuwa barci yake raya.

Direbanmu Bamisire ne, idanunsa sun yi ja,
Shi kaɗai ne a sitiyari, babu mai taya.

Na koma kusa da shi da Larabcin makarantar allo,
Ina jan sa da hira, yana gyara mini yana dariya.

Taubashi:

A nan ka yi magana irin ta 'yan tasha,
Barci ya fi rami kisa, wannan ba ƙarya.

Da a gida ne da na ce ka ɓara masa goro,
To an hana ku shiga da shi ƙasar Saudiyya.

Ka saya masa gahawa, kuma ka sa ido a layin titi,
In ka ga taya tana hawa kansa, ka ce ya tsaya,

Ya wanke fuska, ya taka ƙasa, ya sha iska,
Kada nauyin baƙunta ya hana ka, ran mutane ke baya.

Maniyyaci, bayan isha'i:

Alhamdu lillahi, mun wuce shingen bincike,
Inda allo yake nuna wa wanda ba Musulmi ba ya kewaya.

Jami'i ya shigo ya duba katin kowa,
Muka gangaro Tan'im, malaminmu ya ce a tsai da talbiya,

Domin mun shiga hurumi, ga hasumiyar agogo
Tana haske kore, mata suna kuka har da shessheƙar zuciya.

An kai mu masauki, ƙafata ta kumbura, Goggo,
Direba ya rungume ni, mun rabu lafiya.

Kawu:

Ɗana, ka ci abinci ka ɗan runtsa tukuna,
Umara ba ta gudu, ko da dare ko da safiya.

Ka sa Ɗaki a hagunka ka kewaya sau bakwai,
Daga Baƙin Dutse ake farawa, can kuma ake tsaya.

Sa'ayi daga Safa yake tashi ya ƙare a Marwa,
Sai ka yi saisaye, ka mai da rigarka ka sanya.

Ranar 8 ga Zulhajji ka sake ɗaura harami,
Kuma tun da tamattu'i ka yi, wato umara kafin hajji, akwai hadaya.

Ka ware kuɗinta daban tun kafin ka shiga kasuwa,
Kada ɗan nan nawa ya cinye maka su a jallabiya.