Balarabe Musa: tsayin daka ne ko taurin kai?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a ku yi mini afuwa, yabon da ake wa marigayi Balarabe Musa ya fi aikinsa yawa. Ya hau mulki a matsayin gwamnan tsohuwar jihar Kaduna a ƙarƙashin jam'iyyar PRP ranar 1 ga Oktoba 1979, aka tsige shi 23 ga Yuni 1981, ko kwamishina ɗaya bai samu ba. Da ya sassauta ya zauna da 'yan jam'iyyar NPN da ke da rinjaye a majalisar jiha, da ya cika shekara huɗunsa. Taurin kai ne ya ci shi.

Dattijon Giwa: Ɗana, ba ka ga zamanin haraji ba. Da idona na ga mahaifina ya kwance akuyar innarmu ranar kasuwa, ya sayar da ita a wulaƙance, saboda yaran mai unguwa sun kafa zama a zaurenmu tun hantsi. Wanda ya kasa biya, a rana ake shanya shi gaban matansa da 'ya'yansa. Fulani kuwa in jangali ya ƙarato, cikin dare suke kora shanu su nausa daji. Balarabe na hawa ya soke duka biyun, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Abin da tsohuwar jam'iyyar talakawa NEPU ta sha ɗauri a kansa tun zamanin Malam Aminu ke nan.

'Yar Kawo: Kuma yaya, gyara zance. Ba shi ya ƙi naɗawa ba, sunaye ya yi ta aikawa majalisa tana watsi da su. Jihar kuma har da Katsina a lokacin, ka duba girmanta, haka ya riƙe ta ba kwamishina.

Ɗan Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma, maganar haraji ba ni da ja. Amma ku dubi ƙarshen abin. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin, a 1983 kuma Lawal Kaita na NPN, wanda Balarabe ya kayar a 1979, ya karɓe kujerar. PRP ɗin ma ta dare gida biyu. Ina ribar talaka a nan? Wallahi abin yana damuna ne.

'Yar Kawo: To da ya raba wa 'yan NPN muƙamai, kana ganin za su bar shi ya yi aikin da aka zaɓe shi dominsa?

Dattijon Giwa: Riba ka tambaya, ga tawa. Kakar 1980 ba wanda ya yi mana sallama a zaure don kuɗi. Tunkiyar da muka kiwata ba ta je kasuwa ba, ɗanta aka yanka ranar sunan ƙanwata. Allah ya jiƙan Balarabe.