Kaizen da Hausa: ni dai na tsaya a kan gyara-kayanka

Jama'a assalamu alaikum, ina neman taimakon masu Hausa a baki. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta hana ni sakat, kaizen, wannan da kamfanonin Japan suka yi suna da ita musamman Toyota. Dalili kuwa yayana ne mai shagon ɗinki, kekuna tara da tarin yara masu koyo, ya ji ina ta zuba a kanta sai ya ce in zo ran Juma'a bayan an sauko in yi wa yaransa bayani, amma da sharaɗi, kar in kuskura in zo masa da Turanci ko Japananci, in ba ni da sunan abin da Hausa in yi zamana a gida. Kuma da gaskiyarsa, yaron da bai iya kiran sunan abu ba ta ina zai riƙe shi.

Bari in fara faɗin abin da take nufi don kar mu yi ta harbi a duhu. A rubutunsu haruffa biyu ne, kai na nufin canzawa ko gyarawa, zen kuma kyau ko alheri. Wani ya riga ya tambaye ni ko zen ɗin nan ne na masu addinin Buddha, a'a, sautin ne ya zo ɗaya, harafin daban ne. A bakin ɗan Japan kalma ce ta yau da kullum, ko jikin mara lafiya ne ya yi sauƙi da ita za su faɗa. Masana'antu ne suka ɗora mata nauyi, sannan wani ɗan Japan mai suna Masaaki Imai ya fitar da littafi a kanta da Turanci a 1986, daga nan duniya ta ɗauka.

Abin ya samo asali ne daga babu. A 1950 Toyota saura ƙiris ta durƙushe, ta nemi ma'aikata 1,600 su ajiye aiki, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu, Kiichiro Toyoda da ya kafa kamfanin shi ma ya sauka daga kujerarsa. A shekarar ne Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin, ya je Amurka ya ga masana'antar Ford, cikin abin da ya dawo da shi har da tsarin karɓar shawarar ma'aikata, suka fara nasu a 1951. Kuɗin sayen manyan injina irin na Amurkawa babu, to sai aka koma kan mutanen da ke tsaye gaban injin, kai da kake ɗaura wannan noti sau ɗari a wuni me ke ba ka wahala, me ke cinye maka lokaci. Taiichi Ohno, wani injiniyan Toyota, shi ne ya yi shekaru yana gina tsarin, har ana ba da labarin yakan zana da'ira da alli a ƙasa ya ce wa injiniya tsaya a ciki ka yi ta kallon aiki sai ka ga inda ake asara.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne igiyar fitilar da suke kira andon. Igiya ce a saman layin haɗa mota, duk ma'aikacin da ya ga wani abu ba daidai ba, ko jiya aka ɗauke shi aiki, zai ja ta, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya taho da sauri, in an gyara nan take layi ya wuce, in ba a gyara ba kafin motar ta kai iyakar wurinsa layin ya tsaya. Ku duba fa, ƙaramin ma'aikaci ne da ikon tsayar da layi.

To kalmar da nake nema dole ta ɗauki wannan duka, gyara ne ƙarami, mai aikin ne ke yi da hannunsa, ana yi tun abu bai lalace ba, kuma ba ranar da za a ce an gama.

Na gode da kwament ɗinku, wallahi ban zaci za a taru haka ba. Bari in bi su.

Masu cewa ci gaba su suka fi yawa, amma ta yi faɗi. Gada ci gaba ce, sayen sabon keke mai lantarki ci gaba ne, in na ce wa yaran shago ku kawo ci gaba za su kalli oga ne su jira ya buɗe aljihu. Ingantawa ta fi kusa in ƙamus za a rubuta, sai dai kalmar labaran rediyo ce, ban taɓa jin tela ya ce wa yaronsa inganta wannan wuyan ba, kuma ba ta faɗin waye mai yin. Kyautatawa kuwa kunnen Bahaushe na jin ta zai tafi wajen iyaye da maƙwabta. Kwaskwarima a ajiye ta gefe, gyaran ganin ido ne. Malam da ka kawo garambawul, Allah ya saka, kalmarka ta yi amfani amma a wani gurbin, garambawul ai sauke inji ne a warware shi a sake ɗaurawa, kuma su ma Japanawan suna da kalma daban ta wannan, kaikaku. Ka ga mun samu ɗaya a kyauta, kaikaku garambawul, wannan kam ba musu.

Gyara ita kaɗai fa? Nan na daɗe. A gareji gyara sai abu ya mutu. A kasuwa gyara ita ce 'yar ƙarin da mai awo ke zuba miki bayan an cika mudu. A shagon tela kuma, wanda shi ne inda za ni, ba kalmar da ake ƙi kamar ta, gyara ita ce kwastoma ya dawo da riga a leda fuska a murtuke hannu ya yi tsawo. In na shiga na ce daga yau kullum za mu riƙa gyara, yayana da kansa zai ce Allah ya kiyaye.

Wadda na tsaya a kanta ba ni na ƙirƙiro ba, Inna ce. Ina zaune ina mata bayanin igiyar nan tana tsince shinkafa a faranti, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce to ai wannan gyara kayanka ne. Na yi shiru. Ku kawo hoton a ranku, mace ta ɗauko itace a ka za ta kasuwa, gammo ya ɗan zame, kayan sun karkace amma ba su faɗi ba, wani a bayanta ya ce baiwar Allah gyara kayanki, ta sa hannu ɗaya ta tura ta daidaita ba tare da ta tsaya ba, kafin ta kai kasuwa za ta yi haka ya fi sau goma, wani lokacin ma ba wanda ya ce mata komai, wuyanta ne ya gaya mata. Ƙarami ne, da hannunta ta yi, kaya ba su zube ba, tafiya ba ta tsaya ba. Duk abin da na lissafa a sama yana ciki.

Malama da kika ce kalmar ta maza ce tunda kayanka aka ce, na ji ki kuma tambaya ce mai kyau. Amma in magana ta dunƙule ta zama suna ba ta duba jinsi kuma. Faɗi-ka-mutu mata ne suka fi kiran sa a kicin, haka ka-fi-zabo, kuma mata biyu in sun yi ka-ce-na-ce ba mai cewa sun yi ki-ce-na-ce. Shi ya sa nake sa mata karan ɗori a tsakiya, gyara-kayanka, a san suna ce.

Ɗan'uwa daga Damagaram ya ce a bar ta kaizan kawai yadda muka karɓi mota da rediyo, ya kawo misalin Habasha. Haka ne, Habasha ta kafa cibiyar kaizen ta gwamnati a 2011 da taimakon hukumar JICA ta Japan kuma sunan suka bari yadda yake. A takardar ofis ni ma ba zan hana ba. Amma mota da rediyo abubuwa ne da ake gani a taɓa, ko ba ka san asalin sunan ba ka san abin. Wannan kuwa hali ne ake so ya shiga jikin mutum, in sunan baƙo ne sai ya zama abin masu zuwa wokshop a otal, a karɓi satifiket a dawo a ci gaba da neman almakashi a ƙarƙashin yadi.

Wadda ta girgiza ni ita ce gyaran kullum da wani Malam ya kawo, don ta fito da rashin ƙarewar fili fiye da tawa. Sai na gwada su a baki. Akwatin gyaran kullum, akwatin gyara-kayanka. Yau akwai zaman gyaran kullum, yau akwai zaman gyara-kayanka. Ta farkon sai nake jin kamar share shago da sa wa keke mai, wato aikin da aka saba, alhali abin da ake nema shi ne a canza yadda aka saba ɗin. Malam ka yi haƙuri, taka ta zauna a matsayin bayani, in an ce mene ne gyara-kayanka sai a ce gyaran kullum ne da mai aiki ke yi wa aikinsa.

Akwai wanda ya ce ai gyara kayanka wani ne ke faɗa maka, kuma tana da ƙanshin wa'azi, na sama ke faɗa wa na ƙasa. Nan ne ma na fi son ta. A tsarin Toyota juya ta aka yi, mai jan igiya shi ke ce wa kamfani gyara kayanka. Kuma kar a ɗauka Japanawa ba su da girmama na gaba, suna da shi sosai, wanda ya riga ka shiga aiki senpai ne kai kohai, har kalmomin da za ka yi masa magana da su daban ne. Kunyar da ke hana yaro a nan ya ce wa oga teburin nan ba a wurinsa yake ba, su ma suna da irinta, shi ya sa ba su bar abin ga ƙarfin halin yaro ba, suka rataya igiya suka ajiye takardar shawara.

Sannan ku ƙarasa karin maganar, ba ya zama sauke mu raba. Ma'aikaci ba zai taɓa nuna maka yadda aikin mutum biyar zai koma na mutum huɗu ba in ya san shi ne na biyar ɗin da za a sallama. A Fremont ta jihar Kalifoniya, General Motors ta rufe wata masana'antarta a 1982 wadda ta yi ƙaurin suna wajen rigima da motoci marasa inganci, a 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, akasarin ma'aikatan su ne dai na da, aka kai ɗaruruwansu Japan horo, aka rubuta a yarjejeniya cewa ba za a sallami mutane ba sai in rayuwar kamfanin ce ke cikin haɗari, cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun gaba a inganci a duk masana'antun General Motors.

Kuma ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba don yana min ciwo. Wani ma'aikacin Toyota ɗan shekara 30 ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki a 2002 ya rasu, matarsa ta yi ta shari'a har kotun Nagoya ta yanke a 2007 cewa yawan aiki ne ya kashe shi, kuma kotun ta lissafa zaman ƙungiyoyin inganta aiki da ake cewa na sa kai ne a cikin awannin aiki. A 2008 kamfanin ya faɗaɗa biyan kuɗin irin wannan zaman. Mutuwar yawan aiki har suna gare ta a can, karoshi. To in oga ya tsare yara bayan tashi ba ko sisi da sunan kawo shawara, ko ya kwashe ribar gyaran shi kaɗai, ya riga ya mai da shi sauke mu raba, kuma da wannan sunan ko yaron da ya zo koyo jiya zai gane an karya alkawari. Kaizan ba za ta ba shi wannan ba, ingantawa ma haka.

Ƙari, daren Juma'a. Na je. Na faɗi sunan, ba wanda ya ce mene ne shi, kai kawai suka gyaɗa. Da aka ce kowa ya kawo nasa sai shago ya yi tsit, kowa na kallon yayana, har sai da ya ce wallahi duk wanda ya faɗa ba zai ga ɓacin raina ba. Can ƙaramin cikinsu mai sa maɓalli ya ce, Oga, almakashi babba ɗaya ne kuma kullum sai mun tashi neman sa, jiya sau shida na ɗaga yadin mutane. Yayana ya ɗan yi jim, ya ce a kawo ƙusa. Aka buga a jikin katakon teburin yanka, aka ɗaura wa almakashin igiya mai tsawon da zai kai ƙarshen tebur, yaron ya ɗauki allin tela ya zana siffarsa a wurin don in babu shi a gani daga bakin ƙofa. Wani kuma ya ce a dawo da teburin guga kusa da masu haɗa riga, wannan sai gobe don sai an ja waya. Yayana ya ce duk Juma'a minti goma sha biyar kafin a tashi, a cikin lokacin aiki, kuma ya sa an rubuta gyara-kayanka a jikin wani gwangwanin madara an rataye kusa da agogo.