Me ya sa ba a karrama nas ɗin ƙauye?

Jama'a duk 12 ga Mayu ranar nas ta duniya, likita kawai ake tunawa a zahiri, nas ɗin da ke yawo rigakafi a ƙauye wa ke kallonta?

— Wallahi gaskiya ne, su da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi suka bi gida-gida da rana har aka ce Afirka ta rabu da cutar shan inna a 2020, amma manya ne suka sha tafi.

— Akwai lambar yabo ta Florence Nightingale da ƙungiyar agaji ta Red Cross ke ba nas-nas ai.

— Malam bar zancen lamba, a fara biyan albashi kan lokaci tukuna, mace ta karɓi haihuwa da tocila.