Wai ta yaya zan tabbatar ba mafarki nake ba?

Ɗan Tarminal: Salamu alaikum ƴan uwa. Yau mushen filo, wato malamin falsafa, ya rikita mu da maganar Dekart, Bafaranshen nan da ya ce a littafinshi na 1641 ido na iya yaudara kuma wataƙila duk mafarki muke, abu ɗaya ne ba ya shakka, wai tunda yana tunani to akwai shi. Wallahi tun daga lise har gida kaina na juyawa, ga jarrabawar bak ta matso. Mi ke nan?

Malam na Zariya: Wa alaikassalam ƙanena. Ai Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga shi, ya ce dubi tauraro, ido na nuna maka ɗan mitsitsi alhali lissafi ya nuna ya fi duniya girma. Shi dai ya ce hasken da Allah ya jefa a ƙirjinshi ne ya fidda shi daga shakka.

Yaya Ɗalibi: Ni Indiyawa suka fi burge ni, Shankara na misali da igiya cikin duhu, ka zaci maciji ka zabura, a kawo fitila macijin ya ɓace, ya ce haka duniya take a gaban Brahman, wato haƙiƙa ɗaya tilo da ke asalin komai a wurinshi. Ƴan Nyaya kuwa, wata mazhabar falsafar Indiya, ba su yarda duniya ruɗi ba ce, hanyoyin sani huɗu suka ƙirga: gani, ƙiyasi kamar hayaƙi na nuna wuta, kamantawa, da shaidar amintacce. Ni nasu ya fi shiga kaina gaskiya.

Ɗan Tarminal: To Yaya, amintaccen ma in cikin mafarkin na gan shi fa?

Yaya Ɗalibi: Kai yaro je ka yi karatu, ranar jarrabawa ka gane.