Shawarwarin Iyaye Kan Wasan Yara a Fili

A wata tattaunawa da iyaye da malamai suka yi, mafi yawansu sun ba da shawarar a riƙa barin yara su fita fili, maimakon a bar su a ɗaki suna danna waya. Sun ce yaron da ke bin sa'o'insa tsinkar magarya, kanya da goruba yakan san lokacin nunar kowacce, ya kuma gane tsiro mai cutarwa irin tumfafiya, ilimin da 'ya'yan Fulani makiyaya suka ƙware a kai. Langa tana koyar da juriya, gaɗa kuwa tana adana waƙoƙin kakanni. Wata dattijuwa ta nace, kuma ina ganin gaskiyarta, cewa da damina lallai babba ya raka su saboda macizai da kududdufai.