Abinda aka tattauna kan tallafa wa masu sana'ar hannu a Kano

Jama'a zancen ya yi tsawo, ga abinda na tsinto:

1. Kusan kowa ya yarda mu riƙa sayen kayan marinar Ƙofar Mata da jakunkunan dukawan Kurmi, kuma don Allah a daina mugun tayi, mutum ya wuni hannunsa cikin baba ka zo ka taya masa kuɗin goro.
2. Makarantu su riƙa kai yara Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, su gani da idonsu.
3. Matasa su ɗora wa masu sana'ar hotunan kayansu a Facebook da TikTok.
4. Nan aka rabu, wasu sun ce gwamnati ta zuba kuɗi, wasu suka ce ai kuɗin ba ya kaiwa bakin karofi, gara attajiran unguwa. Maganar gayyato makaɗa biki kam har yanzu ana ja.